Mahaifiyata ta ajiye magani saboda "sautin warkarwa": shin kiɗa zai tsaya mata a madadinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 67. Tun rasuwar mahaifinmu bara ta daina fita, ta daina zuwa ƙungiyar waƙar da take ciki shekara da shekaru, ko baƙi ba ta son gani. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan magani, yau wata huɗu, kuma mun fara ganin sauƙi. Sai wata ƙawarta ta turo mata wani sauti ta waya, wai "sautin warkarwa" mai lamba 528, wai yana gyara ƙwayoyin jiki, wanda ke jinsa ba ya buƙatar magani. Yau kwana shida ba ta sha maganin ba, tana kwance da iyafis a kunne kusan yini guda. Tana jiri, ba ta barci, ƙawar ta ce ciwon ne ke fita. Ni so nake in mayar da ita cikin mutane, inda ake kiɗa da waƙa a gabanta kamar dā, amma ƙanena ya ce ɓata lokaci ne tunda duk waƙar da take so tana cikin waya. Don Allah akwai bambanci? Kuma kiɗa zai iya maye mata gurbin magani? Hankalina a tashe yake.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Mama lafiya.

Kafin maganar kiɗa, ki nemi likitan da ya rubuta mata maganin yau, kada ki jira ranar da aka ba ku. Jiri da rashin barcin nan ba ciwo ne ke fita ba. Abin da jiki ke yi ke nan idan aka yanke masa maganin damuwa farat ɗaya, kuma yakan fara ne cikin 'yan kwanaki da dainawa, daidai lokacin da kika faɗa. Kada ku haɗa mata ƙwayoyin da ta tsallake ta sha a tare. Likitan ne zai ce ko ta koma kan adadin da take sha ko a fara da ƙasa da shi. Kuma muddin tana jiri, kada a bar ta ta hau bene ko ta shiga wanka babu kowa kusa, domin faɗuwa a shekara 67 ba ƙaramin abu ba ne.

To, batun ƙanenki. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: kiɗan da aka naɗa yana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, idan mutum ya ji kiɗan da ke ratsa shi, har ma tun yana jiran zuwan wurin da ya fi so, kuma da kiɗan faifai aka yi wannan gwajin. Sai dai abin da Mama ta rasa ba sauti ba ne. Sauti yana kunnenta tun safe har dare. Mutane ta rasa, kuma a nan ne kiɗan ido da ido ya sha bamban.

Ana cewa idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A gaban makaɗi abin yana tafiya ta ɓangare biyu, rawar ma tana canza kiɗan. Makaɗi yana kallon fuskoki, ya ga an yi tsit ya sassauta, ya ga an fara kaɗa kai ya ƙara wuta, ya ja wani wuri ya maimaita shi saboda ya ga ya shiga mutane. Wayar Mama ba ta san tana kuka ko tana barci ba. An gwada wannan kai tsaye a Jami'ar Zurich, aka wallafa a 2024: an sa mutum 27 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, mai fiyano yana kaɗa musu yana ganin yadda sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da motsin rai ke amsawa, yana gyara kiɗansa daidai da haka. Da aka kwatanta da kiɗan wannan mutumin da aka naɗa, na kai tsayen ya fi motsa wannan sashe, kuma amsar ta fi ɗorewa. Mutum 27 ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da sauran abin da aka gani. A Berlin an maƙala wa 'yan kallo 132 na'urorin awo a wurin kiɗa, aka samu bugun zuciyarsu da saurin numfashinsu suna hawa da sauka tare, alhali galibinsu ba su san juna ba. A Ingila an ɗauki yawun mutum 117 kafin kiɗa da kuma bayan an yi nisa, aka ga sinadarin kotizol, wanda ke tashi idan jiki na cikin matsi, ya sauka.

Wanda ya fi shafar Mama shi ne rera waƙa da bakinta cikin jama'a. Masu waƙa tare dole su ja numfashi a wuri ɗaya su sake shi a hankali tsawon baiti, kuma sakin numfashi a hankali yana rage saurin zuciya. Shi ya sa da aka auna mawaƙan ƙungiya a Gothenburg ta Suwidin a 2013 aka ga zukatansu na bin tafiyar waƙar tare. Robin Dunbar da abokan aikinsa a Oxford sun auna juriyar zafi, wadda ake ɗauka a matsayin alamar sakin endofin, sinadarin da jiki ke fitarwa don rage zafi, suka samu tana ƙaruwa bayan mutum ya rera waƙa, ko ya buga ganga, ko ya yi rawa, amma ba ta ƙaruwa haka ga wanda ya zauna yana saurare kawai. Akwai kuma gwajin da aka yi a Ingila kan mutum 258 masu shekara 60 zuwa sama, aka wallafa a 2015. An raba su biyu, rabi suna zuwa waƙar ƙungiya ta minti 90 sau ɗaya a mako har mako 14. A ƙarshen makonnin, alamun damuwa da fargaba sun ragu a wurin masu waƙar fiye da sauran, kuma bayan wata shida da farawa lafiyar tunaninsu tana gaba.

Ba zan ɓoye miki wani nazari ba, domin ya fi sauran nuna inda amfanin yake. Masu bincike na Jami'ar Oxford sun bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu na waƙa, wasu na sana'ar hannu da rubutu. A watan farko 'yan ajin waƙa sun shaƙu da juna fiye da sauran nesa ba kusa ba. Zuwa wata na bakwai duk sun yi daidai. Wato waƙa ba sihiri take yi ba, hanyar shaƙuwa take gajartawa. Ga wadda magana ke yi wa nauyi, wadda ta gaji da "yaya haƙuri", wannan babban abu ne, domin za ta iya zama cikin mutane awa guda tana tare da su ba tare da an sa ta bayanin halin da take ciki ba. Kaɗaici kuwa ba abin wasa ba ne ga lafiya. Wani babban nazari na 2010 da ya tattara bincike 148 kan mutum sama da 300,000 ya samu masu ƙarfin hulɗa da jama'a sun fi sauran yiwuwar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bi su. Ki faɗa wa ƙanenki cewa sai a 1877 aka fara naɗar sauti a sake jinsa. Kafin nan, duk wanda ya ji waƙa ko dai shi ke rerawa ko yana kusa da mai rerawa.

Yanzu bari in dawo kan 528 ɗin nan, domin kusan kullum sai mun ci karo da ita ko 'yar'uwarta 432, kuma ɓarnar da suke yi ta fi yadda ake zato.

Mece ce lambar? Yawan kaɗawar iska ce a daƙiƙa ɗaya. Sautin 528 iska ce da ke kaɗawa sau 528 a daƙiƙa, shi ke nan. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga kusan 20 zuwa 20,000. Muryar mace ko ta yaro idan suna waƙa tana ratsawa ta 528 ta wuce ta dawo ba adadi. Mama da kanta, a shekarun da ta yi cikin ƙungiyarsu, ta fitar da wannan sautin da maƙogwaronta sau dubbai. Da yana gyara ƙwayoyin halitta da babu mawaƙin da zai taɓa kwanciya asibiti. A tsarin da yawancin makaɗan duniya ke ɗaure kayansu a yau akwai sauti mai 523, tazararsa da 528 ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kunnen da bai goge ba da wuya ya raba su. Ta yaya 523 zai zama kiɗan banza, 528 ya zama asibiti?

Sai su ce ai mutanen dā ne suka san sirrin, daga baya aka ɓoye. Mutanen dā da wane agogo suka ƙirga? Sai a ƙarni na 17 aka fara auna yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa. Ƙarfen nan mai baki biyu da ake daidaita kayan kiɗa da shi, a 1711 aka ƙera shi. Kafin a yi matsaya kan yawan kaɗawar sautin da ake daidaita kayan kiɗa a kansa, kowane gari da nasa ma'aunin, wani sama wani ƙasa. Faransa ta tsayar da 435 a 1859, wani taro a Landan ya amince da 440 a 1939, hukumar ma'aunai ta duniya ta karɓe shi a 1955. Dalilin bai wuce son makaɗan ƙasashe daban-daban su iya kiɗa tare ba tare da kayansu sun saɓa ba. Babu wani makirci a ciki. Jerin lambobin da ake kira na warkarwa kuwa, ciki har da 528, a ƙarshen ƙarni na 20 aka fito da su, kuma ba daga ɗakin bincike suka fito ba. Ita daƙiƙar ma da ake ƙirgawa da ita, mutane ne suka yanka ta haka. Da an yanka ta da wani tsayin daban, da lambar ta canza, sautin yana nan yadda yake.

Wata dabararsu ita ce su jingina da gaskiya. Su ce ai asibiti ma da sauti ake fasa tsakuwar ƙoda, da sauti ake hoton ciki. Haka ne. Amma na hoton ciki yana kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa, kunne ba ya jin sa sam, kuma sai an manna na'urar a fata da man shafawa don kada iska ta shiga tsakani. Na fasa tsakuwa kuwa bugu ne mai ƙarfin gaske da ake tattarawa a kan wuri ɗaya bayan an auna shi da hoto. Abin da ke fita daga iyafis yana motsa 'yar iskar da ke cikin kunne da dodon kunne, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Iyakarsa ke nan. Ba ya zuwa hanta, ba ya zuwa ƙwayoyin halitta.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji daɗi? Saboda sun kwanta, sun rufe ido, sun bar duba saƙonni, numfashinsu ya lafa, kuma an riga an ce musu zai yi aiki. Kowane sauti mai laushi mai tafiya a hankali zai yi haka, da lamba ko babu lamba. Natsuwar minti 20 abu ne mai kyau, ba na musu. Amma natsuwar minti 20 ba ita ce warkewa daga ciwon damuwa ba.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce "ciwon ne ke fita". Da wannan jimla guda ake rufe kowace ƙofa. Idan mutum ya ji sauƙi, sauti ya yi aiki. Idan ya ƙara tsanani, sauti na aiki, ciwo ne ke fita. Babu sakamakon da zai nuna an yi kuskure. Duk wanda ya ba ki magani irin wannan, na sha ne ko na saurare, ki san ba shi da niyyar ɗaukar alhakin komai. Jirin Mama, da rashin barci, wataƙila da tashin zuciya, da saurin fushi, da mugayen mafarkai, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai, duk sanannun alamun yanke magani ne da aka rubuta tun da daɗewa. Kuma su ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce dawowar ciwon kansa, wanda ba ya zuwa a kwana shida, yakan ɗauki makonni ya lallaɓo, lokacin da kowa ya saki jiki yana yaba wa sauti. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ci gaba da maganin aƙalla wata shida bayan mutum ya ji ya warke, ba wata shida daga ranar farawa ba, kuma ga masu shekaru sau da yawa a kan wuce haka. Idan lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa cikin makonni ko watanni. A wani gwaji da aka yi a Ingila kan mutum 478, aka wallafa a 2021, dukkansu sun daɗe a kan magani kuma suna jin sun isa su daina. Cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka janye wa maganin, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Waɗannan a hankali aka janye musu, ƙarƙashin kulawa. Mama wata huɗu kawai ta yi, kuma dare ɗaya ta ajiye.

Masu jinya da kiɗa na gaskiya, waɗanda suka yi karatun abin suka sami shaida, ba za ki taɓa jin ɗayansu ya ce a ajiye magani ba. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2017 ta tattara gwaji 9 kan mutum 421 masu ciwon damuwa, ta samu jinya da kiɗa tana ƙara sauƙi idan aka ɗora ta a kan jinyar da mutum ke karɓa. A kan jinyar, ba a madadinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta fitar da rahotonta na 2019 kan fasaha da lafiya, wanda ya leƙa bincike sama da 3,000, a matsayin abokiyar tafiyar jinya ta ajiye ta.

Mu ma ma'aikatan lafiya muna da namu laifin. Ana ganin mara lafiya minti biyar, a rubuta takarda, a ce ya dawo bayan wata uku, ba a tambaye shi da wa yake yini ba, ba a gaya masa abin da zai faru idan ya daina sha ba. Wannan giɓin mai tallar sauti ke shigowa ta ciki, domin shi yana da lokacin hira. Idan kun je, ki tambayi likita a gaban Mama: har yaushe za ta sha, me za ta ji idan ta tsallake, kuma idan maganin na damun ta da wani abu, kamar bushewar baki ko nauyin jiki, akwai wani da za a canza mata? Sau da yawa wanda ya ajiye magani yana da dalilin da bai faɗa wa kowa ba, sautin hujja kawai ya samar masa.

Kada ku ƙwace wayar, kada kuma ku yi faɗa da ƙawar. Da niyyar alheri ta turo, ita ma yaudararta aka yi, kuma a yanzu tana cikin 'yan ƙalilan da Mama ke saurara. Ku ce ta ci gaba da jin sautinta minti 20 zuwa 30 kafin barci, a sifika ƙasa-ƙasa ba a kunne ba, tare da maganinta. Yini da iyafis yana cutar da ita ta hanya biyu: yana cire ta daga hirar gida, sannan yana gajiyar da kunnen da shekaru suka riga suka fara ragewa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne sauti mai desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) kada ya wuce awa 40 a mako, kuma a aikace kada ƙarar waya ta wuce kashi 60 cikin 100 na iyakarta.

Mayar da ita cikin kiɗa kuwa, sai jirin ya lafa tukuna, kuma kada a fara da babban taro. Kuskuren da iyalai suka fi yi ke nan: a shirya mata gagarumar fita, a kai ta cikin ɗaruruwan mutane da hayaniya, ta dawo a gajiye ta ce ba za ta ƙara ba. A fara a gida. Mutum biyu ko uku daga ƙungiyarta su zo da rana, lokacin da ta fi samun ƙarfin jiki, wanda ga masu ciwon damuwa da yawa yamma ce ba safiya ba. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Su rera a tsakaninsu, kada a ce mata "Mama sa baki mana". Idan ta yi shiru tana ji, an ci riba. Idan leɓenta ya fara motsi, kada kowa ya nuna ya gani. Ita za ta zaɓi waƙoƙin, idan ta ƙi zaɓa a ɗauko na ƙuruciyarta, daga tana 'yar shekara goma sha zuwa wajen talatin, domin su suka fi zama daram a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka haɗa ta da Baba a bar su sai ta nema da kanta. Wanda kuma ba ya son kayan kiɗa saboda ra'ayinsa ko imaninsa, murya kaɗai da tafi sun wadatar, yawancin amfanin da na lissafa daga numfashi tare da zama tare yake fitowa.

Za ta iya yin kuka. Kukan da ake yi cikin mutane, a share hawaye a sha ruwa a ci gaba da hira, ba abin tsoro ba ne. Wanda za ki sa wa ido shi ne ta koma ɗaki ta rufe ƙofa tana maimaita waƙar baƙin ciki guda ɗaya awa da awanni, ta fito ta fi yadda ta shiga nauyi. Wannan jujjuya ciwo ne a zuciya, kuma ya fi faruwa ga mai saurare shi kaɗai.

Bayan zama biyu ko uku a gida, sai ta koma wurin haɗuwarsu, rana ɗaya tsayayya a kowane mako. Maimaituwar ita ce maganar. Zuwa goma ƙanana sun fi babban zuwa ɗaya, domin a zuwa na uku ne wani zai fara cewa "ba mu gan ki makon jiya ba", kuma wannan tambayar tana tayar da mutum daga gado. Wani ya raka ta, ko ƙawar nan tata ma. Ku zauna kusa da ƙofa, ku yi alkawari tun a gida cewa duk lokacin da ta ce a tafi za a tafi ba gardama. Idan wurin kallo ne, ta zauna inda take ganin fuskoki da hannayen makaɗan, kuma ku ajiye wayoyinku, kada a cika ta da ɗaukar bidiyo. Bayan an tashi ku tsaya minti 10 ko 15 ana gaisawa, rabin amfanin yana nan.

Sai batun ƙarar sauti, kada garin neman gira a rasa ido. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa tsirowa, kuma raunin ji kansa yana jefa tsofaffi cikin kaɗaici, domin wanda ba ya jin hira a hankali yake janyewa daga cikinta. Lissafin shi ne kunne na iya ɗaukar desibel 85 har awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wuraren kiɗa kada matsakaicin ƙararsu ya haura desibel 100, ki ga ke nan har wurin da ya bi doka yana iya yi wa kunne yawa. Ba sai kin sayi na'ura ba: idan sai kin ɗaga murya kafin wanda ke nesa da ke tsawon hannu ya ji ki, kun kai wajen 85 ko kun wuce. Ku nisanci sifika. A fili, duk ninka tazara yana rage kusan desibel 6, a cikin ɗaki ragin bai kai haka ba saboda bango na mayar da sauti. Ku riƙe abin toshe kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta tare komai. Idan an dawo gida kunne na ƙugi ko magana na zuwa kamar daga nesa, an yi wa kunnen rauni, wannan wurin ya yi mata ƙara. Tunda ta kai 67, ku sa a auna jinta ma, idan tana buƙatar na'urar ji a sa mata kafin ta fara fita.

Ki ba abin mako shida zuwa takwas. Kada ki auna da tambayar "kin ji daɗi?", mai ciwon damuwa zai ce a'a ko da ana samun ci gaba. Ki duba barcinta, da cin abincinta, ko ta fara yin wanka da shiri ba a ce mata ba, ko ta ambaci sunan wata da ta gani a wurin. Ki riƙa rubutawa a takarda da kwanan wata, ki kai wa likita a kowane zuwa.

Idan kuwa kika ji tana cewa ta gaji da rayuwa, ko gara ta bi Baba, ko ta zame muku nauyi, ko ta fara rabar da kayanta, ko ta ƙi ci da sha, kada ki jira mako, kada ki jira waƙa. Ki ɗauke magungunan gidan daga inda hannunta zai kai, wani ya zauna tare da ita, ku tafi asibiti a ranar.